Saƙon da ya tona ciwon Baba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na bar dibog a kunne ba. Lokacin ina zaune a Nguru, na rubuta wa wani ƙaramin asibiti a Gashua manhajar da ke tura wa marasa lafiya saƙon tuna ranar ganin likita.

Manhajar tana da fuska biyu. A yanayin aiki, suna da rana kawai take jerawa cikin jimla mai tsabta. In ka kunna dibog kuwa, wato yanayin farautar kuskure, sai ta zazzage duk abin da ke cikin bayanan mutum, da baka-baka da sauran alamomin rubutu, har da sunan ciwonsa. Na kunna shi don in gano abin da ke yanke sunaye masu ƙ da ɗ, na gyara, na yi ta jin kaina gwani. Kashewar ce na manta.

Bayan kwana uku aka kira ni Gashua. Na tarar da wani dattijo masunci daga Dagona zaune a benci, wayarsa a hannu. Ba ya karatun boko, don haka da saƙon ya shigo sai ya miƙa wa mai shayi a majalisarsu, kamar yadda ya saba. Shi kuma ya karanta da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, har inda aka rubuta ciwon ƙoda. Shekara guda dattijon yana ɓoyewa, ko matarsa ba ta sani ba. Washegari abokan sana'arsa suka hana shi shiga kwalekwale, wai tausayinsa suke ji.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Wani abu na manta ban kashe ba."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, na yafe. Amma ciwon nawa ne. Da bakina na so in gaya wa iyalina, ba a teburin mai shayi ba."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Tun daga ranar, ba na sakin manhaja sai na tura wa kaina saƙon na karanta shi da ƙarfi, domin na koyi cewa abin da na buɗe don idona kaɗai, a gaban jama'a ake karanta shi.