Rawar da Na Tsara a Takarda

Cikin duk shekarun da na yi ina malamin gona, ban taɓa mantawa da ranar bikin girbin shinkafa a sashenmu, tsakanin Kura da Bunkure ba, lokacin salula ta fara shigowa. Ina matakin albashi na shida, shekara biyar ba ƙarin girma, takardata tana kan teburin Oga.

Oga ya ce manyan baƙi za su zo daga Kano, yana son rawa guda da za ta haɗa manoma Hausawa, Fulanin rugagen bakin kanal ɗin ban ruwa da 'yan ƙabilar Tibi masu aikin gona. Ya ce, "Malam Habu, in ka fitar da ni kunya, zan sa hannu."

Ni da ko a bikina ban taka ba, na zauna na tsara rawa a takarda kamar jadawalin rabon ruwa: taku huɗu na gangar noma, tsalle biyu na Fulani, sai lanƙwasa irin ta Tibi. Mako uku ina hura usur ina koya musu, mutum biyu suka kwanta ciwon ƙugu.

Mama Dooshima, shugabar matan Tibi, ta ce, "Malam, ka bar mu mu yi yadda muka saba mana." Na ce mata gwamnati ba ta aiki da "yadda muka saba".

Ranar biki, ina hura usur kowa ya kama gabansa, ganga gabas, ƙwaryar Fulani yamma. Baƙi suka fara duba agogo. Oga ya kalle ni.

Sai Mama Dooshima ta sa aka mirgino durom ɗin bugun shinkafa, ta ɗauki dami ta fara fyaɗawa. Mai ganga ya bi bugunta, Fulani suka shigo da ƙwarya. Kowa rawar gidansu yake yi, amma ƙafa tana sauka tare. Ashe duk kaka haka suke yi da la'asar in an tashi aiki, lokacin da Fulani ke zuwa kwasar ciyawa. Ni kuwa da safe nake wucewa a babur, la'asar ba ta taɓa same ni a gona ba.

Babban baƙo ya tambaye ni wata nawa na yi ina haɗa wannan. Na cusa usur a aljihu, na ce, "Ranka ya daɗe, an daɗe ana yi."

Oga ya sa hannu. Ku sababbin malaman gona, kafin ku koya wa manomi wani abu, ku tsaya a gonarsa har a tashi aiki. Mataki na bakwai dai a durom ɗin Mama Dooshima na same shi, kuma har na yi ritaya "Malam Usur" take kirana.