Tafinta Mai Fuska

Tun farko ina so in faɗa cewa ban amince da tunanina sosai ba. Shekaru sun ja, kuma na sha juya wannan al'amari a raina, har ina tsoron wasu maganganun ni na gyara su ban sani ba. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Daga Damagaram na zo Faransa karatu. Na karanta tafiyar da asibitoci, daga baya na samu aiki a wani asibiti da ke arewacin Paris, a biron da ke kula da karɓar marasa lafiya. Ba na duba kowa, takardu nake turawa. Amma da yake ni kaɗai ne mai jin Hausa a gidan, duk ranar da aka kawo wani namu wanda ba ya jin Faransanci, sai a kira ni in bar teburina in sauka. Ban taɓa son haka ba. Ban koyi aikin tafinta ba, ina tsoron in juya maganar likita ba daidai ba. Ga shi kuma wanda na yi wa tafinta ran Talata shi nake tsayawa kusa da shi a masallaci ran Juma'a, ina sane da abin da ke cikin jikinsa, shi ma yana sane da na sani.

Saboda haka na ji sanyi a raina ranar da shugabar sashenmu ta ce asibiti zai ɗauki tafintoci daga nesa, kuma ta sa ni cikin kwamitin da zai zaɓa. Bayan an tace, kamfani biyu suka rage. Ɗaya ta wayar tarho yake aiki, murya kawai. Ɗayan yana Lyon, shi kuma ta bidiyo: za a turo allo a kan ƙafa mai taya har bakin gado, marar lafiya ya ga tafinta, tafinta ya gan shi.

A zama na biyu ko na uku, shugabar ta juyo wajena ta ce, "Kai da ka san su, wanne zai fi yi musu?"

Ni mutum ne mai jinkirin amsa, abokan aikina har dariya suke yi mini kan haka. Amma ran nan ban yi jinkiri ba. Na ce mu mutanen gaisuwa ne, dattijonmu ba zai buɗe cikinsa ga muryar da bai ga mai ita ba, mu sai mun ga fuska. "Mu" na yi ta cewa, alhali ban tambayi ko mutum ɗaya ba. Na ga suna rubutawa, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi.

Aka tura ni Lyon tare da wata babbar ma'aikaciyar jinya mu ga yadda suke aiki. Gidan yana kusa da tashar jirgin ƙasa, ƴan ƙananan ɗakuna a jere, kowane da labule mai ruwan shuɗi a bayan kujera. Akwai masu Larabci, akwai masu Bambara da Soninke. Mai Hausa ɗaya ce, wata ɗaliba ƴar Maraɗi da ke karatun haɗa magunguna. Tana jin na yi sallama ta cire abin sauraron da ke kunnenta.

"Yaya, daga ina?"

"Damagaram."

"Shi ya sa. Tun daga ƙofa na ga kana taka ƙasa kamar za ta yi ƙararka. Ku ko ruwa za ku sha sai kun yi shawara."

Na ce, "Ku kuma na Maraɗi kafin mu gama shawarar kun sayar da ruwan."

Ta yi dariya har maƙwabciyarta ta leƙo. Na gwada ta da kalmomin asibiti masu wuya, ta fi ni saninsu nesa ba kusa ba. Na tambaye ta ko ita kaɗai ce, ta ce da akwai wani Malam ɗan Najeriya, amma ya samu aiki ya tafi. Ina jin a nan ne ta ce, "Yaya, tsofaffi maza fa? Ka san halinmu." Ina jin kuma na ce za su saba. Ban tabbata ba ko a ranar aka yi wannan magana. Abin da na tabbata shi ne na koma Paris ina yabon Lyon.

Aka ce a gwada na'urar na ɗan lokaci kafin a yanke. A daidai lokacin wani abokina da ke zaune a Stains, kusa da Paris, wanda muka yi jami'a tare a Yamai, ya kawo mahaifinsa daga gida saboda ciwon baya da ya hana shi sakat. Alhaji dattijo ne dogo, daga wani ƙauye kusa da Maraɗi, ba ya jin Faransanci ko kaɗan. Abokina shi ne ɗansa na fari, don haka ko sunansa Alhaji ba ya kira, sai dai ya ce "yaron nan". Abokina ya san ba zai iya zama tsakanin mahaifinsa da likita ba. Ni na ce ya kawo shi wajenmu, ga sabuwar na'ura, ga tafinta ƴar ƙasarsu. Ni na samo musu randebu, wato ranar ganin likita.

Ranar, abokina ya tsaya a waje. Ni na nemi izinin Alhaji in zauna a gefe don in ga yadda na'urar ke aiki, ya ce, "Zauna mana, ɗana." Aka turo allon, fuskar yarinyar ta fito. Alhaji ya ja baya kaɗan, sannan ya gyara hularsa.

"Baba, ina kwana? An zo lahiya?"

"Lahiya lau. Ikon Allah. Ke kina ina haka?"

"Ina Lyon, Baba, wani gari ne can kudu."

"To, ke ɗiyar ina ce?"

Ta faɗi unguwarsu. Ya tambayi gidan wa, ta faɗa. Sai ya sa hannu a baki. Ashe kakanta abokin fataucinsa ne, sun sha kwana rumfa ɗaya a kasuwannin kan iyaka. Ya ce ya san mahaifinta tun yana yawo ba wando. Ya yi ta sa mata albarka, yana cewa ashe jikarsa ce aka sa a cikin gilashi. Likitar, wata mace mai haƙuri, tana murmushi tana jira. Ni kuwa a kujerata ina ta murna, ina cewa a raina ga abin da na faɗa wa kwamiti.

Likita ta fara tambaya. Ina ne ke ciwo, tun yaushe, yana hana barci. Alhaji ya amsa duka dalla-dalla. Can ta tambayi yadda yake fitsari, ko yana yawan tashi, ko ya taɓa ganin jini. Yarinyar ta juya tambayar da ladabi, ta ce "kama ruwa", ta sassauta murya. Alhaji ya ja babbar rigarsa ya rufe gwiwoyinsa, ya dubi ƙasa.

"Lahiya lau, ɗiyata. Ki ce wa lokotoro baya ne kawai."

Likita ta sake tambaya ta wata hanya. Ya ce baya ne kawai. Aka rubuta masa maganin ciwo da ƴan motsa jiki, aka ce ya dawo in bai ji sauƙi ba.

Na ga rigar da ya ja, na ga inda ya kai idonsa. A gidan da ake yin haka na tashi, bai kamata a ce ban gane ba. Wataƙila na gane, na ƙi tsayawa a kai saboda ina son gwajin ya yi kyau. Wataƙila kuma zamana a ɗakin ya ƙara masa nauyi, tunda ni abokin ɗansa ne. A zaman kwamiti na gaba na ba da labarin gaisuwar da albarkar da ya sa mata, kowa ya ji daɗi. Aka zaɓi Lyon. Aka kuma kafa doka cewa daga yanzu ma'aikacin asibiti ba zai ƙara yin tafinta ba, kuma ni na fi kowa goyon bayanta.

Watanni suka wuce. Bizar Alhaji ta kusa ƙarewa, abokina yana aiki ran Asabar, sai ya roƙe ni in raka tsohon kasuwar Barbès sayen tsaraba. Muka bi ƙarƙashin gadar jirgin metiro, mutane sun cika, yana ɗaga rigunan sanyi yana tambaya ko za su yi wa jikoki. Tafiyarsa ta ragu sosai. Sau biyu ya ce in nema masa wurin kama ruwa, na shiga da shi gidan shayi. Da muka fito na biyun, muna tafiya kafaɗa da kafaɗa, jirgi yana wucewa a samanmu, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ɗana, kai da ka yi karatu. Akwai wani mutum can garinmu, alwalarsa ba ta tsayawa. Ya yi, kafin ya kai sahu ta karye. Wani lokaci har da jini. Sallarsa tana yi kuwa?"

Na ce, "Baba, tun yaushe mutumin yake haka?"

"Ya kai shekara. Ya fi."

"Bai faɗa wa lokotoro ba?"

Ya tsaya yana duba wata waya a teburin wani mai sayarwa, ya juya ta, ya ajiye. "A gaban jikarsa? Tana kallonsa?"

Na karɓi ledar da ke hannunsa na riƙe.

Ran Litinin na je wajen shugabar na ce ina neman izinin karya dokar da muka kafa, sau ɗaya. Na yi mata bayani ina ta kewaye-kewaye. Ta ce a juya allon ya dubi bango mana. Na ce ba zai yi ba, ya riga ya san muryar wa ce, kuma babu namiji mai Hausa a Lyon. Sai ta ce, "Amma kai ka ce fuska suke so." Ba da faɗa ta faɗa ba, tambaya take yi tsakani da Allah. Na ce na yi kuskure, ko kuma abin da na faɗa gaskiya ne ga wasu, ban da wasu. Ta ba ni izini.

A randebu na biyu na sa kujerata a bayan labule, na ba shi baya. Ya ci gaba da maganar mutumin garinsu, ni kuma ina juya wa likita da "ni". Ban san ko wannan daidai ne a ƙa'idar tafinta ba. Aka yi gwaje-gwaje, abokina ya nemi a ƙara wa mahaifinsa kwanaki. Sakamako ya nuna ciwon daji ne, ya fara daga ƙasan mafitsara, ya riga ya kai ƙashin baya. Ciwon bayan da ya kawo shi ke nan.

Na tare likitar a baranda na tambaye ta ko watannin da suka wuce sun canja wani abu. Ta ce ciwon ya daɗe kafin ya zo Faransa, wataƙila ba su canja komai ba, wataƙila kaɗan. Na so ta tsaya a kan ɗaya, ba ta tsaya ba.

Alhaji ya ce gida zai koma. An ba shi magunguna, an haɗa shi da wani likita a Yamai. A filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce in gaida jikarsa ta cikin gilashi, in ce mata ta yi karatu da kyau. Ya rasu kafin azumi ya zagayo.

Na kira tafintar na isar da gaisuwar, na kuma gaya mata rasuwar. Sannan ta ce, "Yaya, na gani ran nan. Na ga ya sunkuyar da kai. Amma an koya mana abin da aka faɗa shi za mu faɗa, ba mu ƙara ba mu rage. Na zaci kai da ke ɗakin za ka yi magana." Na ce ni ma na zaci wani zai yi.

Daga baya na rubuta wa kwamiti, aka ƙara sharaɗi cewa a riƙa tambayar marar lafiya ko namiji yake so ko mace, kuma ko yana son a kunna kyamara ko a bar murya kawai. An daɗe kafin a amince. Ga masu Larabci da Bambara abin ya yi amfani. Ga Hausa kuwa, har na bar asibitin ba a samu namiji ba, sai dai in dattijo ya zo a kira ni a ɓoye, in sauka in zauna bayan labule. Na'urar ta taimaki mutane da yawa, musamman mata masu haihuwa, ba na musun wannan. Abokina har yau yana gode mini kan yadda na tsaya wa mahaifinsa, ni kuma ina amsa godiyar, don ban taɓa gaya masa abin da ya faru a randebu na farko ba. In ya karanta wannan zai gane kansa.

Ba ni kaɗai na ga waɗannan abubuwa ba. Akwai waɗanda muka zauna kwamiti tare, akwai ma'aikatan jinya, akwai ita tafintar, wadda na ji ta koma gida ta buɗe kantin magani. Duk wanda ya tuna wani abu ba yadda na faɗe shi ba, ko ya san abin da ban sani ba, ina roƙonsa ya aiko mini in gyara, ko da gyaran zai ƙara mini nauyi ne.