Ɗakin da Na Gada Ba Tare da Dangantaka Ba

Ni mahauci ne, a kasuwar Garwa na yi rayuwata. Da ƙarfi ya fara raguwa sai na sayi gona a hanyar Mayo-Oulo don in riƙa kiwata shanu kafin yanka. A ƙarshen gonar akwai wani tsohon gidan ƙasa da ciyawa ta cinye. Zauren ya zube, rumbuna biyu sun buɗe baki, amma ɗaki ɗaya na tsaye da rufinsa na azara, ƙofarsa a ɗaure da waya.

Na kwance wayar na shiga. Da idona ya saba da duhun sai na ga akusa uku a kife, da tasar tagulla, da adudu cike da zaren saƙi, ga masaƙa jingine da bango. A lungu kuma randa ce a binne har wuya.

Maginin da na zo da shi ya ce, "Alhaji, mu ture shi kawai mu ɗora bulo, mu rufe da kwanon tol. Kwana biyu an gama."

Na ce masa a'a. Wani dillalin kayan da, mai kai wa Turawa, shi ma ya biyo ni har rumfa yana neman tasar da masaƙar. Na ce masa gona na saya, ban sayi kayan mutane ba.

Na je wurin jauro, wato mai garin, na tambaye shi. Ya ce gidan wani manomi ne da ya rasu da daɗewa, 'ya'yansa maza suka sayar suka watse, amma akwai 'yarsa guda a Garwa, ta tsufa ƙwarai. Sati uku ina cigiya kafin in same ta a gidan jikanta. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, mayafinta kawai ta nema, sai jikan ya ce mu sa rana tukuna.

Kafin ranar tafiya na yi abin da na ɗauka gwaninta ce: na wanke akusan da sabulu na shanya su a rana. Ɗaya ya tsage.

Tana shiga ɗakin shi ta fara gani.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Inna."

"Kai da ka san nama, ba ka san ice ba? Akushi ba ya son rana. Man shanu ake shafa masa, a kife shi a inuwa."

Ta zauna a bakin ƙofa tana nuna min kaya ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar ta kakanta ce. Tasar da ita aka kawo mahaifiyarta gidan tana amarya. Randar kuwa ta ce kada a kuskura a tone ta, don da aka gina ɗakin a kewayenta aka gina.

Na ce, "Inna, ga mota. Duk abin da kike so a ɗora."

Ta girgiza kai. "In kai su ina, ɗana? Ɗakina ko tabarma biyu ba ya ɗauka. In na mutu yara za su zuba wa kaji dusa a ciki. Bar su a inda suka saba."

Ita ta koya min gyaran. Ta ce a jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, a kwaɓa da jar ƙasa a yi yaɓe kafin ruwan farko. Maginin ya yi ta gunaguni, amma ya yi. Muka canza azara huɗu da gara ta ci, muka gyara indararo, muka ta da rumbu ɗaya, wanda yanzu nake zuba harawa a ciki.

Sau biyu ta sake zuwa kafin Allah Ya karɓi ranta. A zuwan ƙarshe ta kawo jikokinta mata, ta zaunar da babbar a gaban masaƙa tana nuna mata inda ake sa ƙafa.

Abokan sana'a suna min dariya, wai na zama mai gadin tarkacen wasu. Ba ya damuna. Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa ta gabas, nakan bar rumfa a hannun ƙanena in tafi in duba rufin da kaina.