Mutumin da Ba Ya Taɓa Asalin Hoto

Ƙarfe takwas yake buɗe ɗakin baya na shagon hoto, ya goge tabarau da bakin riga, ya kunna tsohuwar kwamfutar nan da sai ta gama gurnani take tashi. Shekara ashirin da biyu ke nan. Masu riƙe kyamara a gaba suna shan yabo, shi kuwa ko sunansa ba a tambaya, Mai Gyara kawai ake cewa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji.

Gwanintarsa dusar da bayan hoto, don mai hoton ya fito raɗau. Ba shafe yake yi irin na mai fenti ba. Abin da ke kusa da mutum kaɗan yake dusarwa, na nesa ya ƙara masa hazo, har ka rantse hannunka zai shiga cikin hoton. Wata tela ta ce a gabanta ya share awa guda yana bin gefen gashin jaririyarta sili-sili. Abokan aikinsa kuwa tsiya suke masa, wai mai tara shirgi, don ba ya goge hoton kowa.

Ni ma na taɓa tsayuwa a kansa, kuma ban yi abin kirki ba. Ranar da na gama karatu, mahaifina ya taho kai tsaye daga gareji, rigarsa duk baƙin mai, ya tsaya can bayana yana murmushi daidai lokacin da ake ɗaukata hoto. Kunya ta kama ni. Na kai hoton na ce a dusar da bayan gaba ɗaya. Mai Gyara ya matso da fuska, ya ce, "Ɗana, wannan ba mahaifinka ba ne?" Na ce masa gyara na kawo, ba shawara na zo nema ba. Ya juya ya yi aikin.

Na rataye hoton a falo. Baba ya daɗe yana kallon inuwar nan da ke bayan kafaɗata, sannan ya ce ya yi kyau. Shekara tara yana wucewa ta ƙarƙashinsa.

Bara ya rasu. Ba mai son hoto ba ne, muka birkice gida ba mu samu komai ba sai ɗan ƙaramin na katin shaida. Ƙannena suna ta tambayar ko ina da wani hotonsa. Na koma shagon ina jan ƙafa, ban ma gama bayani ba Mai Gyara ya fara lalube cikin shirgin nasa.

"Ba na taɓa asali, a kan kwafi nake aiki," in ji shi. "Mutane suna dawowa."

Kashegari ya miƙo mini hoton. Wannan karon ni ya ɗan dusar, ya fito da Baba. Sai a ranar na ga ashe tsohuwar jakata ce rungume a ƙirjinsa.

Mai Gyara, kai ne ka ga ubana ranar da na ƙi ganinsa. Kai ne ka haɗiye rashin kunyata, ka adana mini abin da na wulaƙanta, ba ka taɓa goranta mini ba. Na gode, ka kuma yafe mini. Ku da za ku gaji kujerarsa, ku yi abin da aka sa ku, amma don Allah ku ajiye asalin.

Hoton yana falo, a ƙusar da na farko ya zauna. Kowa ya shigo sai ya yaba. Wanda ya kamata ya gani ne kawai ba ya nan.