Ranar da Aka Share Rumfar Warsini

Warsini ba malama ba ce, ko da yake haka muke kiranta a ƙauyen nan na bayan garin Purwokerto in muna son tsokana. Shekara tara ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a birni, hannu na wanki, kunne na wajen masu karatu. Da aka sallame ta, ta dawo ta kama sana'ar uwarta, wato tempe, waken soyan da ake dafawa a naɗe a ganye har farar fumfuna ta haɗe shi ya zama curi.

Tempen kowa kwana biyu ne ya fara wari. Nata yakan kai biyar, ba firji. Asirin yana ga irin fumfunar. Shekara goma sha ɗaya tana zaɓe tana zubarwa, tana renon mai ƙarkon a jikin ganye, ta shanya, ta soke a ƙarƙashin jinkar rumfarta. In ka ɗaga kai sai ka rantse shara ce iska ta kwaso.

Sai gwamnati ta ce za ta tallafa wa mata masu sana'ar kimiyya. Sau uku Warsini na cike takardu ana dawo mata da su. A na huɗu aka ce ranar Alhamis za a zo a ɗauki irin a kai gwaji. In ya ci, za a ba ta injin busarwa da izinin sayar da shi ko'ina.

Ranar Laraba ta tafi birni neman hatimi na ƙarshe. Mu nan ba ma barin baƙin gwamnati su ga ƙazanta, kunyar ta ƙauye ce gaba ɗaya. Bu Darmi, matar mai unguwa, ta haɗa gayya (mu nan Bu ko Ibu ake ce wa babbar mace, kamar a ce Inna). Aka share, aka wanke, aka shafa farar ƙasa.

Da la'asar Warsini ta dawo, Bu Darmi ta tarye ta da tsintsiya a hannu, tana kiranta Mbak War, wato Yaya Warsini.

"Mbak War, zo ki ga! Har gizo-gizo mun sallama."

Warsini ta ɗaga kai. Jinka tas.

"Bu, ina ganyena?"

"Wannan yayin? Haba malama! Duk karatun nan, a ce manya su zo su tarar da bola a samanki? Mun cinna masa wuta."

Ba a yi wa 'yan gayya tsawa. Ta dafa musu shayi, ta yi godiya ɗaya bayan ɗaya. Suna fita ta bi gidajen masu sayen tempenta, ko wani ya rage ɗanye ta tayar da irin daga jikinsa. Makon nan zirga-zirgar takardu ta hana ta jiƙa wake, na baya kuwa duk an soye shi a mai.

Baƙin suka zo a mota, su uku. Suka yaba tsabta, suka ɗauki hoto. Wata yarinya mai tabarau a cikinsu ta buɗe jaka.

"To, Ibu, ina irin?"

"Babu, 'yata. Sai na sake daga farko."

"Ba komai, ki sake nema in ya samu. Amma tallafin na waɗanda ba su kai arba'in da biyar ba ne. Shekarunki nawa?"

"Arba'in da huɗu."

"Au, ai kina da sauran lokaci."

Warsini ta sa hannu inda aka nuna mata, ta raka su har bakin mota.