Ƙiwar 'Yar Fari

A Nguru na tashi, a hannun Kaka Yagana mahaifiyar babana. In na tuna yarintata, ƙamshin hayaƙin banda ne yake fara zuwar mini kafin fuskar kowa. Sana'arta ke nan. Masunta su kawo tarwaɗa daga fadama, ta lanƙwasa su, ta jera a kan waya, ta hura wuta a ƙasa. In an yi magariba aka ci tuwo, wutar ta koma garwashi, sai mu jikoki mu kewaye ta, ita tana juya kifi da hannu ɗaya, ɗayan yana korar duk wanda ya miƙo yatsa.

Yaye aka kawo ni daga Gashuwa, wai in an kwana biyu za a mayar da ni. Kaka ta ce ba ta san wannan zancen ba. Haka na zauna. Ga shi ni 'yar fari ce, a gidanmu kuwa uwa kunyar ɗan fari take ji: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Manya sun san al'ada ce. Ni kuwa da ko firamare ban gama ba, abin da na sani shi ne Inna tana ce wa ƙanena "Modu, zo nan," ta shafa kansa, ni kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan." Wallahi abin yana ci mini rai.

Wata rana Inna ta zo biki Nguru. Na yi wanka, na sa kwalli har ya zarce, na je na zauna a gefen tabarmarta. Ta ɗan matsa. Da za ta tafi ta ce wa Kaka a gaida yaran gida, ko inda nake ba ta duba ba. Da yamma na ture kwanon tuwo, na zauna nesa da wuta ina kumbura.

Kaka ta ce, "Falmata, wa ya taɓa mini ke?"

Na ce, "Matar nan ba ita ta haife ni ba."

"To ni na haife ki? Da wannan furfurar?" Sauran yara suka kwashe da dariya. Ta juya kifinta, ta ce, "Ku matso, ga wata ta fito daga ruwa." Haka take buɗe tatsuniya, mu kuma mu ce, "Ta zo ta ji ɗumi." Ranar ban amsa ba, amma na kasa kunne.

Wai akwai wata aljana a kogi da ba ta haihuwa. Aikinta laɓewa cikin ciyawar bakin ruwa tana sauraro. Duk sunan da ta ji uwa ta kira da daɗin murya sai ta haddace, in rana ta yi sanyi ta kira yaron da wannan muryar, ya bi ta cikin ruwa. Sai matar wani masunci ta haifi 'yarta ta fari, ta ce ita kam bakinta ba zai ba da 'yarta ba. Ta goya ta, ta shayar da ita, ta kwana da ita a ƙirji, amma ba ta kira sunanta ba ko sau ɗaya. In an tambaye ta sai ta ce, "Wannan abar? Tana nan."

Aljana ta gaji da laɓe. Sai ta saci zanen matar a kan shanya, ta ari fuskarta, ta jira matar ta tafi wanke-wanke, ta shiga ɗaki ta ɗauki jaririya. Nan Kaka takan rage murya. Jaririya ta cusa hanci a wuyan aljana, ta ji sanyi, ta ji ƙarnin ruwa. Sai ta ƙanƙame jiki ta tsala ihun da har masunta a cikin kwalekwale suka ji. Uwar ta sheƙo da muciya a hannu, aljana ta dire yarinya ta faɗa kogi, ko zanen ba ta tsaya cirewa ba.

"Daga ranar jarirai suka fara ƙiwa," in ji Kaka. "Kowa ya miƙo hannu su ƙi, sai wadda suka sani. Tatsuniya ta koma ruwa."

Sai ta nuna ni da tsinken juya kifi. "Ke kuma, uwar fushi, yaran da na yaye a gidan nan suna da yawa, ban taɓa ganin mai irin ƙiwarki ba. Kika yi kuka har muryarki ta dushe. Na ba ki koko kika tofar, na goya ki kika gantsara mini cizo a kafaɗa. Maƙwabta suna leƙowa ko yanka ki nake yi. Sai da na roƙi direban motar kifi ya karɓo mini zanen goyonki daga Gashuwa, na ce kada a wanke. Na lulluɓa miki, kika shinshina, kika yi barci kamar an ɗauke wuta. Jaririn da ba a riƙe shi da kyau ba, ba ya wannan haukar don an raba shi da mutum. To wa ya saba miki? Wadda ba ta son ki?"

Gaskiya ban yarda duka ba, don Kaka ta iya gyara zance. Amma na jawo kwanon tuwona.

Shekaru suka tafi, Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Na yi aure a Gashuwa, ina koyarwa a firamare, kusa da Inna, muna gaisawa cikin mutunci kamar surukai. Tambayar nan kuwa tana nan a raina, na dai daina taɓa ta. Da na haihu, aka sa wa yarinyar sunan Inna, muna kiran ta Ummi, Inna ta zo ta zauna mini wankan jego. Mata masu zuwa barka kowa da shawararta: kada ki saba mata da hannu, za ki koma aiki, za ta hana ki sakat. Inna dai sai ta ɗauko yarinyar ta ɗora mini a cinya.

Wata la'asar Ummi ta ƙi yin shiru. Na sa ta a kafaɗa ina zagaya ɗaki, ina yi mata wani ɗan gunguni da hanci, marar kalmomi, wanda ni kaina ban san inda na samo shi ba. Na kai wani wuri numfashina ya yanke. Sai na ji an ɗauka daga inda na tsaya, an ƙarasa shi daidai. Inna ce a bakin ƙofa, da tsintsiya a hannu.

Ta ce, "Ke, a ina kika ji wannan?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Zuwa yake yi kawai."

Ta dubi tsintsiyar. Sannan ta ce, "Ba wanda ya san shi. Ban taɓa yin sa a gaban mutane ba. Sai na rufe ƙofa, daga ni sai ke."

Ta juya ta ci gaba da shararta, ni kuwa na zauna a bakin gado ina kuka, Ummi ta yi shiru tana kallona.

Na gode wa Allah da ya ba ni tsohuwar da ta ga yarinya tana ciwo, ta san ba faɗa ne maganinta ba. Na gode wa Inna da abin da ta zuba mini tun ban san kaina ba, a bayan ƙofa, ba mai gani balle ya yaba. Ni ina kiran Ummi a gaban kowa, in rungume ta a tsakar gida, zamani ya ba ni wannan. Inna kuwa har yau "ke" take ce mini, ni kuma da gudu nake amsawa.