Ranar da na riƙe wa surukina dish

Shekarun baya, ina digiri na biyu a nan Katsina, aka ce mahaifin yarinyar da nake nema yana son ganina. Na ari babbar rigar yayana, na nufi Ƙofar Sauri.

Bayan doguwar gaisuwa, Alhaji ya ce, "To samari, mi kake karantawa?"

Na gyara zama. Na ce akwai wani haske mai tsananin ƙarfi da rana take fitarwa, ido ba ya ganinsa. Iskar can ƙololuwar sama ce take shanye shi, ba ya iso ƙasa, shi ya sa sai tauraron ɗan'adam ne ke auna shi. Ni kuma alƙaluman nake nazari.

"Ba a ganin shi, kuma ba ya iso mu?"

"Haka ne, Baba."

"To ina ruwanka da shi?"

Don in tsira da mutuncina, na ce ai idan ya yi yawa yana iya dagula saƙon satalayit.

Nan take fuskarsa ta washe. "Ashe shi ne ke yanke mani labarai. Ga tsani can, hau ka gyara mani dish ɗin."

Ban taɓa kama dish ba a rayuwata. Amma wa zai ce wa uban budurwa bai iya ba? Na naɗe riga na hau soro. Ina taɓa shi ya karkata, sai na ji Alhaji daga ɗaki: "Ya kawo."

Na saki, hoto ya ɗauke. Na sake kamawa, ya dawo. Ashe ƙusar gindinsa ce ta cinye.

"Riƙe haka nan, an fara labarai."

Haka na tsaya cikin ranar azahar, hannu a sama, har aka karanta hasashen yanayi. Ita kuwa mutuniyar tana tsakar gida, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Daga baya na ji abin da ya faɗa wa ƙannensa: "Karatun nashi ban gane kan shi ba. Amma yaron da ya riƙe wannan ƙarfen bai saki ba, zai riƙe ɗiyata."

Yanzu ina koyarwa, kuma duk ɗalibin da ya cika ni da dogon Turanci, nakan ce ya faɗa mini yadda zai bayyana wa kakarsa. Alhaji kuwa tuni ya sayi sabon dish. Idan ya lalace, har yau ni ake kira, ni kuma in kira mai gyara a ɓoye.